Rubutun Baba a Kan Kwalin Dabino

Sana'ata ba ta da suna a gidanmu. Duk baƙon da ya tambayi Baba abin da autarsa take yi a Kazaure, sai ya ce, "Yanke-yanken takarda." Abin yana ƙona mini rai, domin yankan shi ne mafi ƙanƙantar aikin. Abin da nake yi shi ne in sauko da samfurin ƙaramin kwali a kwamfuta, irin wanda ake bugawa a kati, a yanke, a naɗe, a zuba dabino ko alewa a raba wa mutane a wajen biki. Samfurin fari fat yake zuwa, ba komai a jikinsa sai layukan da ke nuna inda almakashi zai bi da inda za a lanƙwasa. Ni ce nake buɗe shi a manhajar gyaran hoto in yi masa ado, in zuba launi, in jera furanni a gefe, in rubuta sunan amarya ko na jariri a kan murfin. Matan Kazaure sun san ni da wannan. Mahaifina ne dai bai taɓa zama ya ga yadda ake yi ba.

Ban cika ganin laifinsa ba, don shi mutumin alƙalami ne. Ya yi shekaru yana malamin hakimi a Roni, kuma har yau tsofaffin garin suna zancen kyan rubutunsa. Ni da na zo a ƙarshe ban tarar da wannan hannun ba. Na taso na ga hannu mai rawa, wanda in ya ɗauki kofin koko sai rabi ya ƙare a gaban riga. Takardun da ya rubuta da ƙuruciya kuwa gara ta cinye su shekarar da ɗakinsa ya yi yoyo. Falle ɗaya tak ya tsira, Fatiha ce, an kewaye ta da zayyana ja da ruwan ɗorawa. A cikin wata tsohuwar gafaka yake ajiye ta, kuma ba kowa yake nuna wa ba.

Yana da wata ɗabi'a da ta sha ba mu kunya muna yara. Baba ba ya wuce takarda a ƙasa. Ko a tsakiyar kasuwa ne sai ya sunkuya ya duba. In boko ce zalla ya bar ta, in kuwa akwai aya ko sunan Allah a jiki, sai ya kaɗe ƙasar, ya ninke, ya jefa aljihu. Ranar Juma'a da safe ya ƙona abin da ya tara a cikin wani kasko da ba a amfani da shi don komai, ya binne tokar a gindin darbejiyar tsakar gida. Tafiyar da ba ta taka kara ta karya ba sai ka bushe a rana kana jiransa.

'Yar babban yayana ce ta sauke Alƙur'ani a Islamiyya. Ita ce jikar Baba ta fari, amaryarsa yake ce mata, ita kuma ta ce ba ta auren tsoho marar haƙori. Tun tana koyon baƙi ya yi mata alkawarin shi zai rubuta mata allon sauka da hannunsa. Da lokaci ya yi, ya sa aka sayo sabon allo, ya haɗa tawada, ya feƙe alƙalami, ya shiga ɗaki ya tura ƙofa. Matar Yaya ta ba ni labari cewa da ya fito allon a jiƙe yake, ya wanke abin da ya rubuta. Ya miƙa wa Yaya ya ce a kai wa wani malami a bayan kasuwa. Ranar ko tuwo bai taɓa ba.

A makon na zo Roni da kwamfutata don in tsara kwalayen walimar. Farkon damina ne, an yi shuka, gero ya fara leƙowa. Ina zaune a rumfa ina aiki sai ga Baba da sandarsa, ya zauna a gefen tabarma kamar inuwa ce ta kawo shi. Na yi kamar ban gan shi ba, don in ka nuna ka lura yana kallo tashi zai yi. Can hannuna ya goce, wani kore mai muni ya malale samfurin gaba ɗaya. Na yi tsaki, na danna inda ake dannawa, komai ya koma yadda yake.

"Uwata," in ji shi. Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. "Ina ɓarnar da kika yi yanzun nan?"

"Na mayar da ita baya, Baba. Akwai wurin da ake dannawa."

"Shi ke nan ta tafi? Ba kankarewa, ba wankewa?"

"Ko alama ba za ka gani ba."

"Sake in gani."

Na ɓata, na gyara. Na sake ɓatawa, na gyara. Ya yi ta sa ni ina maimaitawa har ya yi dariya, irin wadda rabona da in ji ta a bakinsa na manta. Ya ce da a zamaninsu akwai wannan, da bai sha faɗan hakimi ba. Sai ya dafa sanda ya tashi ya shiga ɗaki. Da ya dawo, gafakar ce a hammatarsa.

"Wannan abin naki, zai iya ɗaukar rubutun mutum ya sa a kan kwalin?"

Na ce zai iya. Wallahi daɗi ne ya kama ni, don ranar ce ta farko da ya nemi wani abu daga sana'ata. Na shimfiɗa fallen a inuwa na ɗauke shi hoto da waya, na tura kwamfuta. Na goge duhun da tsufa ya sa wa takardar, na toshe 'yan ramukan da gara ta bari a gefe, na fito da jan zayyanar ya koma sabo. Haruffan kam ban taɓa ko ɗaya ba, domin yana tsaye a kaina yana gargaɗi. Bisimilla muka ɗauka da ayar farko, muka ɗora a kan murfi.

Daga nan aka shiga taka-tsantsan. Ya ce kada sunan Allah ya faɗa kan layin lanƙwasa, na matsar. Ya ce kada ya gangara gindin kwalin inda za a ajiye a ƙasa, na ɗaga. Ya tambayi inda ake shafa gam, na nuna masa, ya ce a ƙara nisanta rubutun da wurin. Yaya ya shigo ya leƙa ya ce ma sha Allah, matarsa ta rangaɗa guɗa daga madafi. Yini guda muka yi muna kare sunan Allah daga gam da bakin almakashi, amma a cikinmu babu wanda ya tambayi inda kwalin zai je in an cinye dabinon. A wajen Baba, rubutu abin ajiyewa ne, bai taɓa rubuta aya ya ga an yar ba. Ni kuma a sana'ata, da kwali ya bar hannuna na gama da shi.

Na koma Kazaure na buga, na dawo da katin tuli guda. Na miƙa masa falle ɗaya, rubutunsa a jere sau da yawa, kowanne tsaf kamar ɗan'uwansa. Takardar tana karkarwa a hannunsa, ya kai ta kusa da ido, ya daɗe yana kallo.

"Uwata, hannuna ya daina rawa," ya ce.

Sai na tashi na shiga ɗaki kamar zan ɗauko wani abu, don ban so ya ga idona ba. Ina ciki na ji yana ƙwala wa jikar kira. "Amarya, zo ki karɓi alkawarinki. Allo ɗaya na ce, ga shi Allah ya ba ki fiye da haka." Matan gida muka zauna naɗin kwalaye, kuma sai da ya sa kowace ta yi alwala kafin ta taɓa katin.

Walima ta yi kyau, ba abin da za a ce. An zo daga Kazaure, 'yan'uwanmu na Gwiwa sun zo a kan babura, dangin matar Yaya sun ciko mota daga Babura. Yarinya ta yi karatu ba gargada. Baba yana cikin farar babbar riga yana ta amsa gaisuwa, duk wanda ya yaba rubutun kan kwalin sai ya sunkuyar da kai yana murmushi. Aka raba kwalaye ga manya da yara, har masu wucewa a hanya sai da suka samu.

Bayan la'asar taro ya watse, ana naɗe tabarmi. Ina zaure ina tattara kwanuka na hango Baba yana dawowa daga masallaci. Daf da ƙofar gida ya tsaya cak, ya sunkuya, ya ɗago wani abu. Kwali ne, an take shi ya baje, ga shatin takalmi a kan Bisimilla. Ya kaɗe shi da bakin riga. Da ya ɗaga kai sai ya ga wani a gaba, da wani, da wani. Layin gaba ɗaya ja da ruwan ɗorawa ne, wasu a bakin kwata, wasu a kan juji, wata akuya tana tauna ɗaya hankalinta kwance.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," shi ne kawai abin da ya fito daga bakinsa.

Na saki kwanukan na fita ko mayafin kirki babu. Yaya ya fito, matarsa da yara suka fito, kowa ya duƙa yana tsinta. Na ce, "Baba, don Allah ka zauna, mu za mu yi." Ko kallona bai yi ba. Mutumin da sai an riƙe shi yake tashi daga sallaya, shi ne yake sunkuyawa yana miƙewa, babbar rigar tana jan ƙasa, aljifansa sun cika har suna zubowa. Ga hadari ya haɗo daga gabas, iska ta taso tana kwasar kwalayen tana watsa su lunguna. Ka bi wannan, wancan ya tsere maka.

Ruwa ya sauko muna tsakiyar aikin. Tawadar firinta ba ta jure ruwa. Ina kallo da idona rubutun ya narke a kan katin, ya bi ruwa ya gangara kwata. Baba ya durƙusa a bakin kwatar ya tura hannu yana lalube, yana ciro takardun da suka zama kamar kunu. Sai da Yaya ya ɗauke shi cak ya kai shi gida, Baba yana cewa a sauke shi bai gama ba. Ban taɓa jin ba ni da amfani a duniya irin na wannan yammacin ba.

Baba ya kwanta zazzaɓi, ya tashi, amma abin bai bar shi ba. Ya tambaye ni yawan kwalayen da na buga. Na faɗa masa gaskiya, kuma da ma ban faɗa ba, domin da ya duba abin da muka tsinto sai ya ga ko rabi ba mu kai ba. Tun daga ranar ya shiga neman sauran. Gida gida yake bi a Roni da sandarsa, ya yi sallama, ya ce ko yara sun shigo da kwalin walima. Ya samo ɗaya a wajen mai gyaran babur an zuba ƙusoshi a ciki. Ya tsinci wani a bayan wata katanga inda mutane ke tsugunawa, ranar kuwa bai yi magana da kowa ba. Ya tura Yaya zuwa Gwiwa ranar kasuwa ya zagaya dangi, Yaya ya dawo da 'yan kaɗan a leda. Ni kuma na bi gidajen waɗanda na sani a Kazaure, wasu su yi mini dariya, wasu su ce ai tuni an share.

Babura ce kaɗai ba a je ba. Na ce a buga musu waya, Baba ya ce atafau. Surukai ne, da wane baki zai aika gidan surukan ɗansa a ce a dawo da abin da aka ba su a wajen walima? Kuma tambayar ma kamar zargi ce, kamar yana cewa ba su san darajar sunan Allah ba. Ya hana matar Yaya ko da wasa ta tayar da zancen a gidansu. Na ji haushi, na ce a raina wannan kunya tamu wata rana sai ta kashe mutum. Amma ban iya tsallake maganarsa ba, haka na haƙura.

Limamin unguwa ya zo har gida ya ba shi haƙuri. Ya ce niyya Allah yake dubawa, kuma ba shi ya yar ba. Baba ya saurare shi har ya gama, ya ce, "Na gode, Malam. Na san hukuncin. Ba shi ne ya hana ni barci ba." Abin da ya hana shi barci mun san shi. Shekara da shekaru yana tsince rubutun wasu daga ƙasa, yau ga nasa a ƙarƙashin takalman mutane, kuma shi da kansa ya roƙa a yawaita shi. Da ni ce na yi gaban kaina, da ya yi mini faɗa ya huce. Babu wanda zai yi wa faɗan, shi ya sa abin ya zauna masa a ciki.

Wata Juma'a da safe na zo duba shi, na tarar ya sa an fito da kaskon. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya ce in ɗauko kwamfutar, na ɗauko na zauna a gabansa.

"Uwata, wurin nan da kika nuna mini, wanda ake dannawa ɓarna ta koma baya."

"Na'am, Baba."

"In kika danna shi yanzu, ba abin da zai yi wa waɗanda suka fita?"

Ba don bai sani ba ya tambaya. Baba ba yaro ba ne. Tambayar wanda ya ƙure dabara ce, yana taɓa ƙofar da ya san a kulle take. Na so in yi masa ƙarya, na rasa irin wadda zan yi. Na ce, "Ba zai yi ba, Baba. Sai abin da ke cikin kwamfutar."

"To, goge na cikin."

Na goge samfurin yana kallo. Ya ce da hoton da ke waya, na goge shi ma. Ya zuba kwalayen da aka tsinto a kasko ya sa Yaya ya kunna wuta. Sai na ga ya buɗe gafaka ya zaro fallen Fatihar. Na riƙe masa hannu, abin da ban taɓa yi ba tunda aka haife ni. Na ce, "Baba, wannan ai ba ta taɓa ƙasa ba. Ita kaɗai ta rage mana. Ka bar mini ita, wallahi zan adana."

"Muddin tana nan, wata rana wani zai sake ɗaukarta a hoto," ya ce. "Sakar mini hannu, Uwata."

Na sake shi. Hannun yana rawa har sai da ya kusa ƙona yatsa kafin takardar ta faɗa wutar. Da ta cinye, ya sa na yi masa alkawari cewa duk inda na ga kwalin nan, ko bayan ransa ne, zan karɓa in ƙona. Na yi alkawarin ina kuka. Muka binne tokar a gindin darbejiya.

Ba zan ce kwalaye ne suka kashe mahaifina ba. Tsufa ne da ciwon da ya daɗe yana fama da shi, kuma kwana ya ƙare. Amma har ya koma ga Allah bai sake yi wa jikarsa wasan amarya da dariyar nan tasa ba, kuma in ana tafiya da shi idonsa yana ƙasa, yana duba gefen hanya.

Bayan rasuwarsa da daɗewa, aka yi haihuwa a dangin matar Yaya, na raka ta Babura suna. Muka shiga gaida kakarta, wata tsohuwa mai yawan ba'a da ta zo walimar. Ina durƙushe ina gaishe ta idona ya kai can saman jeren kwanukanta, kusa da rufi. Ja da ruwan ɗorawa, an naɗe shi a farar leda. Na kasa ƙarasa gaisuwar.

"Iya, wancan kwalin fa?"

"Au, na walimar ɗiyar jikata ne mana. Ke ce ma aka ce kin yi ko? Sauko da shi ki gani, ko ƙura bai yi ba."

Na taka kujera na sauko da shi. Rubutun Baba ne, tsaf, ko ɗigo bai goge ba.

"Ashe kin ajiye, Iya," na ce.

"Yo in kai shi ina, 'yar nan? Sunan Allah ne fa a jiki. Ai tun a mota na karɓe na hannun yara, na ce kowa ya cinye dabinonsa ya miƙo. Duk wadda muka je da ita nata yana ɗakinta, sauran kuma ga su can a akwati. Rubutu mai kyau haka, wa zai yar? Allah ya jiƙan mai shi."

Na ce amin. Mota guda cike da mutane, kuma ko ɗaya bai taɓa ƙasa ba. Waya ɗaya ce da an buga, da ya ji wannan da kunnensa.

Na daɗe riƙe da kwalin. Na tuna alkawarin da na yi a gaban kasko, na kuma san cewa in na ƙona waɗannan, rubutun mahaifina ya ƙare a duniya. Ban iya roƙonta ta ba ni in ƙona ba, ban kuma iya roƙonta ta ba ni in tafi da shi gida ba. Tsohuwar ta ce in mayar mata da abinta kada in ɓata ledar. Na sake taka kujerar na ajiye shi inda na same shi, na gyara masa zama.

A hanyar dawowa matar Yaya tana ta ba ni labarin suna, ni kuwa ba na jin ta. Da muka iso Kazaure ya kamata in sauka in nufi gidana, amma sai na zarce da ita Roni. Na shiga gida na tsaya a gindin darbejiya, bakina cike da labari, kuma babu wanda zan ba.